Toshe Bakin Teku: Me Ya Shafi Mutumin Suleja?

Ran 16 ga watan Disamba, 2025, Shugaban Amurka Donald Trump ya ba da sanarwa cewa ya umurci mayaƙan ruwa na ƙasarsa su tare duk wani jirgin dakon mai da Amurka ta sa wa takunkumi, kada ya shiga Benezuwela, kada kuma ya fita. Kwana shida kafin nan sojojin Amurka sun riga sun dira a kan wani babban jirgin mai wai shi Skipper, suka kora shi zuwa gaɓar ƙasarsu tare da man da ke cikinsa. Ba a cika mako uku da sanarwar ba, ran 3 ga Janairu, 2026, sai aka wayi gari sojan Amurka sun shiga Karakas da dare sun ɗauke Shugaba Nicolas Maduro, sun kai shi gaban kotu a New York.

Bahaushen da ke Sabo a Badun, ko Agege, ko Idi-Araba a Ikko, in ya ji wannan labari a rediyo yana iya cewa me ya haɗa kifi da kaska. Balle wanda iyalinsa ke Suleja, garin da ke tsakanin duwatsu, fiye da kilomita 700 daga Apapa, inda yaro zai girma har ya yi furfura bai taɓa ganin teku ba. To, amma wanda ya san Maje, inda defon mai na NNPC yake, ya ga yadda tankoki ke yin layi a bakin titi kwana da kwanaki, ya san Suleja da ruwan teku take numfashi. Cikin watan Oktoba na 2022 Kogin Kwara ya yi ambaliya ya shafe titi a wajen Lakwaja da Koton Ƙarfe. Babu yaƙi, babu jirgin kowa, amma manyan motoci suka tsaya cik, kafin a ankara gidajen mai na Abuja da kewayenta sun cika da layi. In ruwan sama ya iya yin haka cikin 'yan kwanaki, sai mutum ya auna abin da mai jirgin yaƙi zai iya yi in ya yi niyya.

A dokar duniya, toshe tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa yaƙi ne, ba wani abu ba. Cikin 1974 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zauna ya lissafa ayyukan da za a kira su kai wa ƙasa hari, ya sa toshe tashoshi da gaɓar teku a cikinsu. Kwamitin Sulhu yana da ikon ya ba da umurnin yin haka, ƙasar da aka far wa kuma tana iya yi don kare kanta. Shi ya sa manyan ƙasashe ba su cika son kiran abin da sunansa ba. Da Shugaba Kennedy ya kewaye Kyuba da jirage cikin Oktoba na 1962 saboda makaman Rasha, sai ya kira shi killacewa, watau irin wadda akan yi wa jirgin da ake zaton ya ɗauko annoba. Cikin 1984 kuma aka dasa nakiyoyi a tashoshin Nikaraguwa da hannun Amurka. Nikaraguwa ta kai ƙara Kotun Duniya, cikin 1986 kotu ta ba ta gaskiya. Amurka ta ce ba ta san zancen ba, da aka kai maganar Kwamitin Sulhu kuwa sai ta hau kujerar na-ƙi. Nan shari'a ta tsaya.

Ba sai an jera jirage ɗari ake toshe teku ba. Jirgin kaya ba ya tashi sai da inshora, manyan kamfanonin inshora kuwa a London da biranen Turai suke. Ana kama jirgi ɗaya ko biyu, sai kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabo, masu jirage su ce wa matuƙansu su juya, bankuna su ƙi taɓa takardun kaya. Sauran aikin yunwa da tsada ne ke ƙarasa shi.

TUN ZAMANIN KOSOKO

Mazauna Ikko a kan tarihin wannan abu suke tafiya kullum. A ƙarshen Disamba na 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko suka mai da Akitoye. Hujjar da suka ba da ita ce cinikin bayi, kuma lalle Kosoko yana cinikin. Amma bayan shekara goma, cikin Agusta na 1861, sai ga wani jirgin yaƙi ya sake tsayawa a bakin gari, aka sa Sarki Dosunmu ya sa hannu ya ba da Ikko gaba ɗaya. Jaja na Opobo da ya hana Turawa wucewa kasuwannin manja na cikin ƙasa, cikin 1887 aka gayyace shi cikin jirgi wai a yi magana, aka wuce da shi, bai sake ganin garinsu ba. Ijebu da suka riƙe hanyar da ke tsakanin Ikko da Badun suna karɓar kuɗin fito, cikin 1892 aka aika musu da rundunar da ta karya su, a cikinta har da sojojin Hausawa na Gwamnan Ikko. A lokaci guda kuwa Kamfanin Neja ya rufe Kogin Kwara ya hana mutanen Brass cinikin da suka gada, har talauci ya sa suka far wa Akassa cikin Janairu na 1895. Su ma jiragen yaƙi aka tura musu.

Watau tun can ƙa'idar a fili take. In baƙin mutum ya tare hanyar da ta bi ta ƙofar gidansa, ya zama mai hana ciniki, dole a hukunta shi. In Bature ya tare kogi ko teku baki ɗaya, ya zama mai kiyaye doka.

Suleja ta ɗanɗana wannan ƙa'ida da kanta. Kowa ya sani ita ce Abuja ta asali. Da jihadi ya ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yiwo kudu da jama'arsa ya sauka a Zuba, bayansa ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja cikin 1828. Ƙaramar ƙasa ce, masarautun da ke bin Sakkwato da Gwandu sun kewaye ta ta ko'ina, ga Zariya a arewa, ga Bida a yamma, ga Keffi da Nasarawa a gabas. Duk da haka ba a ci ta ba. Garin ya zauna a rufe, shi bai yarda da maƙwabta ba, su ma ba su yarda da shi ba, sai a zamanin Sarki Abu Kwaka, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1877, aka soma barin fatake su shigo daga Bida da Zariya. Mutanen Abuja sun san daɗin buɗaɗɗiyar hanya domin sun san ɗacin rufaffiya.

Babban makamin da ke hannunsu kuwa shi ne hanyar. Ayarin da ya taso daga Lakwaja zai nufi Zariya da Kano, ta ƙasarsu zai bi. A zamanin Sarki Ibrahim, wanda ake yi wa kirari da Dodon Gwari, mayaƙan Abuja sun matsa wa wannan hanya. Ba za a ɓoye ba, an tare fatake, an kwashe kaya, an kama mutane, wanda aka yi wa kuma bai ji daɗi ba. Amma da Gwamna Lugga ya aiko da soja cikin 1902 suka shiga garin, aka naɗa Muhammadu Gani, ba don tausayin fatake kaɗai ya yi ba. Hanyar nan ita ce za ta kai shi Kano da Sakkwato, ya kuwa isa can a farkon 1903. Kafin nan ma an riga an ɗaure wa sarakunan ƙasar hannu, domin tun 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels suka taƙaita sayar wa mutanen Afirka bindigogi na zamani. Wanda ke riƙe da bakin teku shi ke zaɓen wanda zai sami bindiga.

Wani abin lura, a wannan shekara ta 1902 ɗin, cikin Disamba, jiragen Ingila da Jamus da Italiya suka toshe tashoshin Benezuwela saboda bashi. Shugaba Cipriano Castro ya yi ta kumfar baki, amma cikin Fabrairu na 1903 ya yarda a riƙa cire kashi 30 cikin ɗari na kuɗin kwastan na manyan tashoshi biyu ana biyan masu bin bashi. Da aka je kotu a Hague, sai alƙalai suka ce ƙasashen da suka kawo jiragen yaƙi su za a fara biya kafin waɗanda suka yi haƙuri suka zauna gida. Ingilar da ta ci Abuja don ta tare hanya, ita ce kafin shekarar ta fita ta je ta tare wa wata ƙasa teku.

WA KE JI A JIKA?

Masu yin ƙawanya kullum cewa suke yi da shugabanni suke, ba da talakawa ba. Musulmi ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Ya san labarin takardar da Ƙuraishawa suka rubuta suka rataye a Ka'aba, kada a saya kada a sayar da Banu Hashim, har aka yi wajen shekara uku a tsare a kwarin Abu Ɗalib. Kukan da ake jiyowa daga bayan kwarin na yara ne.

Nijeriya ma ta yi nata. Da Ojukwu ya ba da sanarwar ɓallewa ran 30 ga Mayu, 1967, Gwamnatin Tarayya ta rufe tekun Gabas. Cikin Yuli na wannan shekara sojan Adekunle suka kama Boni ta ruwa, Kalaba ta faɗi cikin Oktoba, Fatakwal cikin Mayu na 1968. Daga nan Biyafara ba ta da sauran ƙofa sai filin jirgin sama na Uli, wanda ake sauka da dare. Busasshen kifi da aka saba shigowa da shi daga Turai ya yanke, shanun Arewa suka daina zuwa, gishiri ya zama kamar zinariya. An yi ta gardama kan yawan waɗanda suka mutu, amma ba a gardama cewa yunwa ta kashe fiye da harsashi, kuma yawancinsu yara ne. Gwamnati ta ce haɗin kan ƙasa take karewa a cikin ruwanta, kuma ta ci yaƙin cikin Janairu na 1970. Sai dai ɗan Arewa da ke zaune a Anacha ko Aba ko Fatakwal ya kamata ya sani maƙwabcinsa bai manta ba, a gidajensu ana ba yara labarin har gobe.

A Iraƙi an sa takunkumi cikin Agusta na 1990, jiragen Amurka da ƙawayenta suna binciken duk abin da ya doshi gaɓar. Asibitoci suka lalace, albashin malami ya koma ba ya sayen komai, Saddam Husaini kuwa yana nan daram sai da aka shiga da soja cikin 2003. A Yaman, daga 2015 jiragen rundunar da Saudiyya ke jagoranta suka riƙe hanyar Hudaida, tashar da yawancin abincin arewacin ƙasar ke bi, amma 'yan Husi ba su bar Sana'a ba. Gaza kuwa Isra'ila ta rufe mata teku tun 2009, cikin Mayu na 2010 sojanta suka hau jirgin agaji na Turkiyya mai suna Mavi Marmara suka kashe mutum tara nan take.

Akwai kuma ƙawanyar da ake yi da rabin zuciya. Daga 1966 zuwa 1975 jiragen Ingila suka yi ta sintiri a bakin Beira ta Mozambik, wai don hana mai isa ga Ian Smith da 'yan tsirarun Turawan Rodeshiya. Shekara tara ana wannan, mai kuwa yana shiga ta Afirka ta Kudu salin-alin, daga baya bincike a Ingila ya nuna da hannun kamfanonin mai nata. Wannan na cikin abin da ya sa gwamnatin Obasanjo ta karɓe kadarorin BP cikin 1979. Ashe ƙawanya ba ta kama wanda ke da ƙofar baya da babban uban gida. Marar gata take kamawa.

MARAƊI BA TA DA TEKU

Wanda ya fi kusa, wanda kuma ya taɓa aljihun mai karatu, shi ne na Jamhuriyar Nijar. Ran 26 ga Yuli, 2023, sojojin fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya hau. Ran 30 ga wata shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, birnin da ya ɗauke wa Suleja tsohon sunanta, Shugaba Tinubu na jagoranta. Suka rufe kan iyaka, suka hana jiragen sama, suka tsai da ciniki, suka riƙe kuɗin Nijar da ke bankunan yankin, suka ba da wa'adin kwana bakwai a mai da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Faransa da Tarayyar Turai suka yanke taimako, suna tafa wa ECOWAS.

Nijar ba ta da teku ko taki ɗaya, saboda haka ba a bukaci jirgin yaƙi ba. Tekunta ita ce tashar Kwatano, mai nisan wajen kilomita 1,000 daga Yamai, ta nan yawancin kayanta ke shigowa, su hau mota su haye gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya. Da aka rufe gadar, tamkar an jera jirage ne a bakin ruwa. Motoci suka yi dogon layi a Malanville, kwantenoni suka taru a tasha, har da na magani da na abincin yara da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi ta roƙo a sake. Alhali kuwa Dokar Teku ta 1982 ta ce ƙasar da ba ta da gaɓa tana da haƙƙin a ba ta hanya zuwa teku.

Sa'an nan Nijeriya ta yanke wuta. Kimanin kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga nan yake tafiya, babban layin kuwa daga Kainji ta Jihar Neja ya bi ta Birnin Kebbi ya nufi Yamai. An daɗe ana faɗin cewa dalilin ba su wutar tun farko shi ne don kada su datse Kogin Kwara daga sama Kainji ta ƙafe. Watau ba kyauta ba ce, ba ni gishiri ne in ba ka manda. Ranar da aka yanke, mai niƙa da mai walda da mai sayar da ƙanƙara a Yamai da Maraɗi da Damagaram su suka fara sani. Barikin soja da fadar shugaban ƙasa suna da janareto.

Iyakar nan kuwa ta kimanin kilomita 1,500 ce, ta ratsa jiha bakwai, daga Kebbi har Borno, kuma a wurare da yawa ta ratsa tsakiyar dangi ɗaya ne. Katsinawan Maraɗi jikokin waɗanda suka bar Katsina ne a zamanin jihadi, kamar yadda Zagezagin Suleja suka bar Zariya. Da aka rufe Illela da Jibiya da Kwangwalam da Maigatari da Kamba, kasuwannin waɗannan garuruwa suka mutu murus. Albasar Galmi da wake da raguna da shanu da suka saba gangarowa har Mile 12 da Bodija da mayankar Agege suka ragu, masara da gero da siminti da suka saba hawa daga Dawanau suka tsaya. Ɗan Nijar mai ga-ruwa ko mai shayi ko mai gadi a Suleja da Madalla ya rasa yadda zai aika wa iyali kuɗi. Waɗanda suka ci riba su ne masu babura da jakuna da suka san hanyoyin daji, da masu kwale-kwale a Gaya, da ma'aikatan shingen da aka ƙara wa farashi.

Arewa ba ta yi shiru ba. Sanatocinta suka ce ba su yarda da yaƙi ba, Majalisar Dattawa ma ta nemi a bi ta lalama. Janar Abdulsalami Abubakar, mutumin Minna, da Sarkin Musulmi suka je Yamai a farkon Agusta ba su wuce filin jirgi ba, sai a zuwa na biyu Abdulsalami ya ga Tchiani da Bazoum. Muhammadu Sanusi na Biyu ya je, malamai ƙarƙashin Shaikh Bala Lau suka je. Daga ƙarshe, cikin Fabrairu na 2024, Janar Yakubu Gowon ya fito ya roƙi a janye takunkumin. Shi ne ya rufe tekun Gabas cikin 1967, shi ne kuma ya yi ɗawainiyar kafa ECOWAS cikin 1975. In akwai mai rai da ya san abin da ƙawanya ke yi wa jama'a, shi ne. Ran 24 ga Fabrairu ECOWAS ta janye, ta ce don jin ƙai ne, ga azumi ya gabato. Cikin Maris Nijeriya ta buɗe iyaka ta mai da wuta.

To, me aka samu cikin wata bakwai? An janye ba tare da an saki Bazoum ba. Sojojin da aka so a kayar suka sami abin da za su nuna wa talaka su ce ga mai hana ka wuta da shinkafa. Suka kori sojan Faransa kafin ƙarshen 2023, na Amurka suka bar Agadas cikin 2024. Nijar da Mali da Burkina Faso suka kafa ƙawancensu na Sahel, ran 29 ga Janairu, 2025 suka fita daga ECOWAS ɗungurum, cikin Maris na wannan shekara aka rantsar da Tchiani shugaban ƙasa na shekara biyar. Wannan ba wanke masu juyin mulki ba ne. Wanda ya tsare zaɓaɓɓen shugaba da matarsa ba shari'a, ba shi da bakin yin wa'azin adalci. Amma maganin da aka ba da bai taɓa cutar ba, majinyaci ya ƙone.

Ko bayan janyewar, rikicin bai ƙare ba. Benin ta buɗe nata gefen gadar, Nijar ta ƙi buɗe nata, ta mai da kayanta tashar Lome, su ratso Burkina Faso da rakiyar soja ta cikin yankin 'yan bindiga, tafiya mai tsawo da tsada. Cikin Mayu na 2024 Shugaba Patrice Talon ya rama, ya hana jirage lodin man Nijar a tashar Seme, inda bututun da ya taso daga Agadem, mai tsawon wajen kilomita 2,000, ya ƙare. Cikin 'yan kwanaki aka sassauta, domin man na kamfanin ƙasar Sin ne, Sin kuwa ta sa baki. Maganin yara ya yi watanni a tasha ba mai ce uffan, man babbar ƙasa bai yi mako biyu ba.

Mazauna Kurmi sun ga ƙaramin misalin wannan a gida. Bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun cikin Fabrairu na 2021, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta tsai da lodi zuwa Kudu, matasa suka tare motoci a hanya. Ɓacin ran gaskiya ne, an kashe mutane an ƙone dukiya. Tumatir da nama suka yi tsada a Ikko, amma a Arewa tumatir ya ruɓe a kwando, manomi ya yi asara, ɗan kasuwar Arewa a Mile 12 ya zauna ba abin sayarwa, ga idon masu gari a kansa. Kafin mako guda ya cika aka janye.

BABBA A GIDA, ƘARAMI A WAJE

A tsakanin maƙwabta Nijeriya giwa ce. Ta nuna haka cikin Agusta na 2019 da ta rufe iyakokinta na ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa har Disamba na 2020, Benin da Nijar suka sha wuya. Amma a gaban masu manyan jirage lissafin daban ne. Gaɓarta kilomita 853 ce, ƙofofinta kuwa ana iya ƙirga su da yatsu: Apapa, Tin Can, Lekki, Onne, Fatakwal, Warri, Kalaba. Ɗanyen man da ke kawo yawancin kuɗin waje ta Boni da Forcados da Escravos da 'yan wasu wurare yake fita. Alkamar burodi da taliya kusan duk ta ruwa take zuwa, shi ya sa da Rasha ta toshe tashoshin Yukren cikin 2022 mai shayi a Suleja ya ji a farashin burodi. Kamfanin jiragen ruwa na ƙasa an rushe shi tun 1995, kayan ƙasar nan a jiragen baƙi suke tafiya. Biyu daga cikin manyan jiragen mayaƙan ruwa, Thunder da Okpabana, tsofaffin jiragen tsaron gaɓar Amurka ne da ta sallama.

Kada a ce zancen ya yi nisa. A farkon Nuwamba na 2025 Trump ya yi barazanar shigowa Nijeriya da bindiga kan zargin ana kashe Kirista. Ran 25 ga Disamba Amurka ta kai hari a Jihar Sakkwato, Gwamnatin Tarayya ta ce da yardarta aka yi don a bugi 'yan ta'adda, ta kuma ce daga jiragen da ke Tekun Gini aka shirya harin. Ɓurɓushin makaman ya faɗa a Jabo ta Tambuwal da Offa ta Jihar Kwara. Ko da yarda ko ba yarda, an ga cewa jirgin da ke tsaye a gefen Ikko hannunsa na kai wa Sakkwato.

Matatar Ɗangote da ta soma fitar da fetur cikin 2024 ta rage dogaro da man waje, wannan ci gaba ne. Sai dai ita ma a bakin teku take, ɗanyen man ma a jirgi yake isa gare ta. Matatar Kaduna da aka buɗe cikin 1980 don Arewa ta tace nata ta yi shekaru ba ta aiki, bututun da ya kamata ya kawo mai Suleja ɓarayi da sakaci sun gama da shi, sai aka ɗora kome a kan tanka da titi ɗaya. Mutanen Dikko sun biya kuɗin wannan ran 18 ga Janairu, 2025, da tanka ta fashe a mararrabar garin ta kashe fiye da mutum 80.

Ita kuwa Nijar ta fi kowa bukatar ƙofa ta biyu, Nijeriya ce kuma ta fi dacewa ta zama ƙofar. Don haka aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi cikin Fabrairu na 2021, aka buɗe tashoshin tudu a Kaduna da Kano da Funtuwa. Amma ɗan kasuwar Maraɗi da ya ga an rufe masa Jibiya cikin dare ɗaya, aka kashe masa wuta, zai yi tunani sau biyu kafin ya rataya duk dukiyarsa a kan Apapa. Sai an ba shi tabbaci a rubuce cewa ko shugabanni sun ɓata, abinci da magani da wuta ba za su shiga cikin faɗan ba. Irin wannan tabbacin ne Nijeriya za ta so a ba ta ranar da wani ya tsaya mata a bakin ruwa.

A Jihar Neja akwai Baro, a bakin Kogin Kwara, inda Turawa suka fara shimfiɗa layin dogon da ya isa Kano cikin 1911, don su haɗa Arewa da teku ta kogi. Shugaba Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a can cikin Janairu na 2019, aka yi biki aka watse. Shekaru suka shige ba jirgin kaya da ya tsaya, domin ba a gyara titin da zai kai mota wurin ba, yashi kuma ya cike kogin.